Wai sai fili ya yi kore shar kafin a kira shi filin golf?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce mun gama zagayen safe muna zaune a gindin darbejiyar bayan kulob muna shan ruwa, sai wani Alhaji da muke wasa tare, bai fi sati biyu da dawowa daga Dubai ba, ya zaro waya ya fara nuna mana hotunan filin da ya buga a can. Ciyawa kore shar kamar an shimfiɗa kafet, ga tafki ga dabino a jere, can baya kuma dogayen benaye suna ƙyalli. Yana ta jan hotuna da yatsa yana cewa ku duba fa ku gani, wannan shi ne filin golf, namu ɗin nan ai makiyaya ce kawai muke yaudarar kanmu. Kowa ya kwashe da dariya har da yaran da ke ɗaukar mana jaka, ni dai ban yi ba, nace Alhaji Allah ya huci zuciyarka amma wallahi ban yarda ba, yace to kawo hujjarka, kafin in buɗe baki aka kira azahar kowa ya tashi. Maganar ta tsaya min a rai tun ranar, kuma nasan ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba, kusan duk wanda ka ji yana kwatanta filayen ƙasa kaza da na ƙasa kaza to abu ɗaya yake dubawa, wane ne ya fi kore, wane ne aka fi kashe wa kuɗi.

Ni ban shigo wasan nan ta ƙofar masu kuɗi ba. Ina ɗan shekara 12 na fara kadi, wato ɗaukar jakar sanduna, jakar ta kusa kai ni tsawo, in maigida ya buga ka zuba ido ka ga inda ƙwallo ta faɗi don in ta ɓata kai za a yi wa faɗa. Filin da na taso a ciki ba shi da girin, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, ko ɗaya, burawun ne, yashi ne mai laushi ake tankaɗewa a cakuɗa da baƙin mai a shimfiɗa kewaye da rami. Akwai wani dattijo da muke ce wa Baba, Allah ya jiƙansa, shi ke kula da ramuka uku na kusa da ƙofa, yana da wani tsohon buhu da ya ɗaure a jikin katako da igiya, in 'yan wasa suka iso sai ya ja buhun nan daga inda ƙwallo take har bakin rami ya share sawun ƙafa, a hankali yake ja kamar mai shafe ɗaki, ba ya taɓa gaggawa ko waye ke jira. In yatsansa ya taɓa yashin zai gaya maka yau zai yi gudu ko zai yi nauyi, wataran yace min yaro gaya wa maigidanka ya ƙara ƙarfi jiya an zuba sabon mai, kuma haka ɗin ne ya faru, ƙwallo ta tsaya taku ɗaya kafin rami. Har yau in zafin Maris ya bugi yashin nan warin man ya taso sai in tuna da shi. To mutumin da ya san fili irin wannan sanin a ce wai abin da ya ƙarar da rayuwarsa a kai ba filin golf ba ne, abin ya yi min ciwo gaskiya.

Nasan inda wannan ciwon ya samo asali, daga talbijin ne. Duk watan Afrilu duniya na kallon gasar Masters a filin Augusta da ke jihar Jojiya a Amurka, kuma ba zan yi ƙarya ba filin nan yana da kyau, kyau na ban mamaki, ga furanni ga farin yashi kamar gishiri ga ciyawa ko tabo babu. Amma mutane nawa suka san yadda ake samar da wannan kyan? Filin rufe shi ake yi gaba ɗaya daga wajen ƙarshen Mayu har Oktoba, wata kusan biyar ba mai buga ko ƙwallo ɗaya, a sake shuka ciyawar sanyi a kan ta zafi, a ƙarƙashin girin akwai injina da bututu masu zuƙe ruwa in ya yi yawa, membobinsa kuma 'yan ɗaruruwa ne kawai ba kamar filin da mutane ke tattakewa safe da yamma ba. Su kansu masu kula da filaye a Amurka sun daɗe suna kuka da abin da suke kira ciwon Augusta, da an gama gasa membobin ƙananan kulob sai su zo su tasa mai kula da fili gaba wai don me namu bai yi kamar wanda muka gani ba, alhali kuɗin da ke hannunsa bai kai ko kashi kaɗan na wancan ba. To in Ba'amurke yana fama da wannan ciwon ina ga mu da muke zaune inda ruwan sama ke ɗaukewa wata bakwai ko takwas.

Sannan akwai tambayar da masu jera filaye daga na ɗaya zuwa na ɗari ba su cika yi ba, wa ke iya shiga? An buɗe Augusta a farkon shekarun 1930, an fara Masters a 1934, amma sai 1975 baƙar fata na farko, Lee Elder, ya buga gasar, sai 1990 suka karɓi baƙar fata a matsayin memba, mata kuwa sai 2012 da aka shigar da Condoleezza Rice da Darla Moore. Shekara da shekaru baƙar fata a filin nan aikinsa ɗaukar jaka ne kawai, ni da na ɗauki jaka nasan me wannan ke nufi, ka san kowane lungu na fili fiye da mai shi amma ba ka da ikon ka ɗaga sanda a ciki. Ni a wajena in ana auna ingancin fili dole wannan ya shiga lissafi, abincin da ya fi kowane daɗi amma an kulle shi a ɗaki me ya amfana wa mai jin yunwa.

Yanzu mu je inda wasan ya fito, Sikotland. Tsohon filin garin St Andrews wanda kowa ya yarda shi ne gidan golf, tun 1552 akwai takardar da ta tabbatar wa mutanen garin haƙƙin yin wasa a wannan filin, a can ne a 1764 aka rage ramuka daga 22 zuwa 18 wanda duk duniya ke bi yau, kuma har gobe filin na jama'a ne, wata hukumar amintattu da doka ta kafa a 1974 ke kula da shi. Abin da ya fi burge ni shi ne ranar Lahadi, in ba wata babbar gasa ake ba ba a buga golf a Tsohon Filin ranar Lahadi, buɗe shi ake yi mutanen gari su shigo yawo da 'ya'yansu da karnukansu su zauna a kan ciyawa su ci abinci su ɗauki hoto a kan ƙaramar gadar dutsen nan ta Swilcan. Filin da manyan 'yan wasan duniya ke mafarkin cin kofi a ciki fa. Eh baƙo yana biya da tsada, a lokacin zafi zagaye ɗaya ya haura fam 300 kuma sai ka shiga ƙuri'a ko ka yi rajista tun da wuri, wannan ban ɓoye ba, amma ɗan gari yana da tikitin shekara mai rahusa sosai, kuma ba wanda zai tambaye ka ɗan wane ne kai.

Shi kuma batun makiyaya da Alhaji ya yi mana gori da shi, ai golf a makiyaya aka haife shi. Filayen bakin teku na Sikotland ƙasa ce mai rairayi da ba ta noma, tumaki ake kiwo a wajen, su ne ma injin yankan ciyawa na farko, har ana cewa ramukan yashin nan da muke ce wa banka sun samo asali ne daga inda tumaki ke tona su fake wa iska. A Brora can arewacin Sikotland shekara da shekaru shanu da tumaki sun yi ta kiwo a tsakiyar fili, girin kawai aka kewaye da siririyar wayar lantarki, mutum ya tsallaka ya buga ya tsallako, kuma mutane na hawa jirgi daga Amurka su zo su biya kuɗi don su buga a nan. Mu kuma in garken Fulani ya ratsa ta rami na 6 da yamma sai mu ji kunya mu ce mun ci baya.

Wanda ya kalli gasar Open ta 2006 a Hoylake kusa da Libaful zai tuna, zafi aka yi a Ingila shekarar filin ya bushe ƙayau ya koma ruwan ƙasa kamar filinmu a watan Janairu, in aka buga har ƙura ke tashi. Tiger Woods ya duba ƙasar ya ajiye direba, wato sandar bugun nesa, a jaka, cikin ramuka 72 sau ɗaya tak ya buga da ita, ya dinga bugawa da sandunan ƙarfe ƙwallo na gudu a ƙasa tana kauce wa banka, ya ci kofin, kuma har yau masana na lissafa wannan wasan cikin mafi basira da aka taɓa gani. Busasshiyar ƙasa ce ta tilasta masa tunani. Kuma wannan shi ne abin da muke yi kullum da hunturu ba tare da mun san darajarsa ba, a jiƙaƙƙen fili mai laushi ka ɗaga ƙwallo sama ta faɗi ta tsaya inda ta faɗi, lissafi ɗaya ne, nisa nawa sanda wacce, amma a namu sai ka lissafa inda za ta fara taɓa ƙasa da inda gangara za ta kai ta da iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, wani lokaci ka sauke ta taku talatin kafin burawun ka bar ta ta ƙarasa da kanta. Yaron da ya koyi wasa a haka hannunsa daban ne.

Ko a Amurkar ma masu hankali sun fara dawowa daga rakiyar kore. Filin Pinehurst mai lamba 2 a Karolina ta Arewa, a 2010 zuwa 2011 suka kira masu tsara filayen golf Bill Coore da Ben Crenshaw suka ce a mayar mana da shi yadda yake a da, aka tuge ciyawa wajen eka 35 aka bar rairayi da ciyawar daji ta wajen, aka rage bututun ban ruwa, ruwan da suke sha a shekara ya ragu da fiye da rabi. Da aka buga US Open a can a 2014 gefen filin duk ruwan ƙasa ne, wasu masu kallo suka yi ta surutu wai ya yi muni, amma an sake kai gasar can a 2024. Wato mutanen da ke da kuɗin da za su iya mayar da komai kore sun biya kuɗi don a cire koren, mu kuma da ba mu da ruwa muna neman bashi don mu shuka shi.

Dubai ɗin da Alhaji ya je ban raina ƙoƙarinsu ba, filin Emirates da aka buɗe a 1988 shi ne na farko mai ciyawa gaba ɗaya a Gabas ta Tsakiya, kafin nan su ma a yashi suke bugawa irin namu, mutum ya riƙe ɗan yankin ciyawar roba ya ɗora ƙwallo a kai. Sun mayar da hamada lambu kuma sun jawo manyan gasa da baƙi, amma da me? Da ruwan teku da ake tacewa da ruwan da aka yi amfani da shi aka sake tsaftacewa, da wutar da ba ta ɗaukewa, da kuɗin da ba ya yankewa. Ranar da aka kashe famfo na sati biyu a tsakiyar zafi filin nan ya tafi. Fili ne da ke tsaye da ƙarfin aljihu, namu kuwa shekara da shekaru yana cin rani yana cin damina ba wanda ya sa masa ledar ƙarin ruwa. Ostireliya ta fi burge ni nesa ba kusa ba, filayen Melbon irin su Royal Melbourne suna cikin na gaba gaba a duniya kuma sirrinsu ƙasar rairayi ce mai tauri da ƙwallo ke gudu a kai, sannan can cikin daji a ƙananan garuruwansu har yau akwai filayen yashi da mai sak irin namu, a garin Coober Pedy na masu haƙar duwatsu ko tsinken ciyawa babu, saboda zafi ma har da dare suke bugawa da ƙwallo mai haske, kuma alfahari suke yi da abinsu.

In maganar yawa ake ba a haɗa kowa da Amurka, cikin filaye wajen 38,000 da ke duniya kusan 16,000 nata ne, kuma abin da ya kamata a yaba mata ba Augusta ba ne, kusan kashi uku cikin huɗu na filayenta kowa na iya biya ya shiga, irin Bethpage a New York wanda na gwamnatin jiha ne mutane har kwana suke a mota don su samu layi, kuma a nan aka buga US Open a 2002 da 2009. Japan ce ta biyu da sama da 3,000, gyara kam ba a magana, amma a ƙarshen shekarun 1980 kuɗin zama memba ya yi tashin da ma'aikaci sai dai ya je gidan atisaye mai hawa hawa ya yi ta buga ƙwallo cikin raga. Sin kuwa tun 2004 ta hana gina sabbin filaye saboda gonaki da ruwa, aka ci gaba da ginawa a ɓoye da wasu sunaye, har a 2017 gwamnati ta sanar ta rufe guda 111.

A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce gaba, kusan rabin filayen Afirka duk a can suke, Fancourt da Leopard Creek na bakin gandun Kruger da Durban Country Club, duk wanda ya ce ba su fi namu tsari da kulawa ba bai faɗi gaskiya ba, Maroko da Kenya ma sun sha gabanmu. Amma duk sanda aka ambaci Durban ni Papwa Sewgolum nake tunawa, ɗan asalin Indiya talaka wanda kadi ne kamar yadda na yi, yana riƙe sanda a juye hannun hagu a ƙasa, ya ci Dutch Open sau uku, ya ci Natal Open a 1963 ya sake ci a 1965 inda ya doke shahararren ɗan wasan ƙasar Gary Player da kansa, kuma aka miƙa masa kofi a waje ruwan sama na dukansa saboda dokar wariyar launin fata ba ta yarda ya shiga cikin ginin kulob ba. Filin a ranar kore ne shar, ba abin da ya rasa.

Mu kanmu mun manta tarihinmu ne. Filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza. A shekarun 1970 da 1980 ƙwararrun Turai lokacin sanyinsu nan suke tahowa su buga Nigerian Open, Sandy Lyle wanda daga baya ya ci Open da Masters kofinsa na farko a matsayin ƙwararre a Najeriya ya ci shi a 1978, Vijay Singh ya ci a 1988 da 1989 kafin duniya ta san shi, a 1981 kuma Peter Tupling ya gama ramuka 72 a Ikoyi da bugu 255 kacal, ƙarancin bugun da a lokacin ba a taɓa yi ba a gasar ƙwararru. A kan burawun fa aka yi wannan, ba su ce makiyaya ce ba za mu buga ba. Yau muna da filin IBB a Abuja da aka buɗe a 1991 da wasu masu ciyawa a kudu inda ruwan sama ya wadata, madalla da su, ƙasarsu ta ba su dama.

Ba wai ina cewa filinmu ba shi da aibi ba, yana da shi da yawa kuma mu ne muka jawo. Baƙin man mota da muke zubawa a yashi guba ne, damina na wanke shi ya shiga ƙasa, alhali a ƙauyukan Kansas da Nebraska da har yau suke da filayen yashi an koma man tsirrai irin na waken soya, mu da muke noma waken soya da gyaɗa me ya hana mu gwadawa. Leda ta cika rof, wato doguwar ciyawar gefen fili, bankunanmu sun zama ramin tsakuwa ba mai juya yashin, itatuwan da aka dasa tun kafin a haife mu suna faɗuwa ba mai dasa wasu, ma'aikatan fili sai su yi wata biyu ba albashi, tun da Baba ya rasu ba a samu wanda ya zauna ya koyi aikinsa ba don ba wanda ya ɗauke shi sana'a. A nan ne ƙasashen can suka fi mu, mai kula da fili a wajensu karatu yake yi a kai kuma ana girmama shi. Amma maimakon a gyara waɗannan, abin da ke gaban kwamitinmu yanzu shi ne a haƙa sabbin bohol a mayar da burawun 18 duka girin, kuma ni kullum ta bayan katangar kulob nake wucewa in zan tafi gida, ina ganin layin jarkoki da 'yan garuwa suna tura kura mata na jira tun asuba, ruwan ƙasan nan guda ne, wanda za mu zuƙo mu fesa wa ciyawa a watan Afrilu daga rijiyarsu zai fita. Da wane ido za mu kalle su, ga famfo na juyi yana feshi a cikin katanga ga yaro na kuka a waje ba a yi masa wanka ba.

Akwai wani yaro cikin masu ɗaukar mana jaka, bai wuce 14 ba, rannan da yamma na dawo ɗaukar hulata da na manta sai na hango shi can bayan rami na 3 inda ba a gani daga ofis, ya lanƙwasa bakin rodi ya naɗe marikin da robar tayar keke, yana buga wata tsohuwar ƙwallo da ta tsage. Na tsaya na ƙirga, bugu biyar ya yi daga wajen taku sittin, huɗu suka hau burawun, yana sauke su a kan tauri suna gangarawa kamar ya aike su. Da ya gan ni sai ya ɓoye rodin a bayansa jikinsa na rawa yace yallaɓai don Allah kar ka faɗa za a kore ni, don a dokarmu kadi ba ya wasa sai ranar Litinin da safe, ita ma in an ga dama. Nace masa ba zan faɗa ba, gobe ka same ni a mota akwai tsohuwar sanda mai lamba 7 da ba na amfani da ita.

Taron kwamiti ranar Alhamis ne bayan la'asar, na riga na sa sunana cikin masu magana. Abin da zan nema shi ne kuɗin bohol ɗin nan a raba shi, a gwada man tsirrai a burawun uku a gani, a biya ma'aikata bashinsu a ɗauki matasa biyu su koyi gyaran yashi, a dasa itatuwa kafin damina, a buɗe wa yaran nan fili kullum daga ƙarfe biyar na yamma. Alhaji ma zai zo, na kira shi jiya nace ranka ya daɗe hujjar da ka nema na haɗa ta, yace to Allah ya kai mu, amma shi fa har yanzu yana nan kan girin.